Sallar Dattijon da Fatiha Take Kakare Masa

Tambaya: Malam, mahaifina ya haura shekara 75. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama magana ta yi masa wuya, yakan kama Fatiha ta kakare masa, sai hawaye. Yana gane mu, yana kuma nuna agogo idan lokacin sallah ya yi. Shin sallah ta faɗi a kansa?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri. 'Yar'uwa, nuna agogon nan da kika ambata shi ne ya yanke hukunci, domin ya nuna hankalinsa yana nan, kuma sallah da hankali aka rataya ta. Wanda ruɗewar tsufa ta ɗauke wa hankali gaba ɗaya, an ɗage masa alƙalami. Mahaifinki kuwa furuci ne ya taɓu. A mafi yawan mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ke juya ɓarin jiki na dama, kuma tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana majinyacin da yake fahimtar abin da ake faɗa masa amma kalma ba ta fita.

Saboda haka zai yi sallah gwargwadon iko. Ya karanta abin da ya fita, in tasbihi ya fi masa sauƙi ya yi shi, in babu ko ɗaya ya tsaya ko ya zauna da niyya a zuciyarsa.

Wasu malamai sun ce wajibi ne wanda ya kasa furuci ya riƙa motsa harshe da leɓɓa. Ban gamsu da wannan ba, kuma Ibn Ƙudama, babban malamin fiƙihu na mazhabar Hambaliyya, ya raunana shi. Motsin harshe hanya ce kawai ta fitar da harafi, shari'a ba ta taɓa neman sa don kansa ba, to idan harafin ya gagara, me ya rage da za a wajabta? Tilasta wa dattijo murɗa baki babu lafazi wahala ce da ke kore masa natsuwa, wadda ita ce abin da ya fi iko da shi yanzu.

Ina roƙon ki kada ku riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan, domin yana jin ku. Ki zauna kusa da shi ki karanta Fatiha a hankali yana bin ki, sau da yawa abin da aka haddace tun ƙuruciya ya fi sabuwar magana sauƙin fita. Idan kuma bakinsa ya karkace ko maganarsa ta ƙara rikicewa farat ɗaya, a kai shi asibiti nan take, kada a jira wayewar gari. Allah ne Mafi sani.