Amsar Baffa a kan sunan Allah

Ɗana, saƙonka ya iso, mutanen gida duk suna lafiya. Mun ji labarin baftismarka, Allah ya riƙa, ya ba ka ƙarfin tsayawa.

Ka ce wani ɗan'uwa a zumuntar ɗalibai ya ja ka gefe bayan sujada, ya ce tunda ka zama mai bi kada ka ƙara cewa "Allah", wai sunan na Musulmi ne, sai dai ka ce Yahweh ko ka faɗa da Turanci. Tun daga ranar, in ka durƙusa addu'a sai harshenka ya sarƙe. Kana tambaya ko haka ikilisiya ta saba, da kuma yadda za ka yi da sallama da "insha Allah" da "wallahi" da ka tashi da su a gidan kawunnanka.

Ba haka muka gada ba. Ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa, ka buɗe Farawa sura 1 aya 1, ka ga wa aka ce ya halicci sama da ƙasa. Sai ka buɗe Yahaya 3:16 ka ga wa ya ƙaunaci duniya. Allah ne a nan, Allah ne a can. Aikin juya Littafin zuwa harshenmu ba na jiya ba ne. Wani Bajamushe mai suna Schön ya soma shi tun cikin shekarun 1850, cikakken Littafin kuma ya fito a 1932, bayan doguwar wahalar Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilikan, wanda ya zauna a Zariya, tare da abokan aikinsa da Hausawan da suka yi ta gyara masa harshe. Da aka sake juyi wajen 1980 an sauya kalmomi masu yawa don masu karatu su gane, amma ba a taɓa wannan suna ba. Ka shiga majami'ar ECWA a Malumfashi, ko ta Angilikan a Wusasa, ko ta COCIN a Jos, ko ka haye Nijar ka je Maraɗi ko Galmi, da shi za ka ji ana raira waƙa, da shi fasto yake sa albarka a rufe sujada. Shin duk waɗannan tsofaffin da suka mutu da sunan a bakinsu, wasunsu bayan an kore su daga gida saboda bangaskiya, ba su san wa suke kira ba sai yaron nan?

Kakanka Bamaguje ne kafin ya ji bishara. Yana yi wa iskoki yanka, amma in aka ga hadari ya haɗo "Allah ya kawo ruwa" yake cewa. A ganinsa a lokacin Allah yana can nesa, ba ruwansa da gonar talaka. Mai bisharar da ya zo garinmu bai kawo masa sabon suna ba. Ya dai gaya masa cewa wannan da kake zaton ya yi nisa ya matso a cikin Yesu Almasihu, har ya yarda ka ce masa Uba. Haka Bulus ya yi da mutanen Atina a Ayyukan Manzanni sura 17: ya fara da abin da suke da shi a hannu.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Kiristocin Masar da Labanon da Siriya da Iraƙi, waɗanda ikilisiyoyinsu suka kafu tun ƙarnonin farko, Allah suke cewa in suna addu'a da Larabci. Haka na Indonesiya. A Malesiya ma har kotu aka je: a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika, Herald, amfani da kalmar, Kiristocin ƙasar kuwa suka yi ta fafutuka don kada a raba su da ita. Abin da wasu suke shari'a a bar musu, kai an ce ka zubar da hannunka.

To amma kada ka raina ɗan'uwan naka, don akwai gaskiya a gindin damuwarsa. Abin da muke shaidawa game da Allah da abin da kawunnanka suke shaidawa ba ɗaya ba ne, su ma ba za su so a ce ɗaya ne ba. Mu muna cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, muna cewa an gicciye Almasihu ya kuma tashi, su ba su karɓi wannan ba. Bambancin yana nan, kuma sauya kalma ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Abin da sauyin zai jawo kawai shi ne ranar da kakarka ta ce "Allah ya yi maka albarka" ka rasa bakin cewa amin.

Shi kuwa Yahweh suna ne mai tsarki ƙwarai, shi ne wanda aka bayyana wa Musa a gaban kurmi mai cin wuta, a Fitowa sura 3. Da Ibrananci baƙaƙe huɗu ne, ba wasali. Yahudawa sun girmama shi har suka daina furta shi. In mai karatu ya iso wurin sai ya ce Adonai, wato Ubangiji. Masu juyi zuwa Helenanci, wato harshen Girka, suka bi wannan sawu, marubutan Sabon Alkawari suka bi su, mu ma shi ya sa a yawancin wuraren muke karanta Ubangiji. Wannan ai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ka taɓa jin gwaggonka ta kama sunan mijinta, ko na ɗanta na fari? Alkunya ce, kuma wanda ba ta faɗin sunansa shi ne ya fi nauyi a wurinta. In ka ce Yahweh cikin waƙa ko addu'a ba laifi. Laifin shi ne a mai da shi ma'aunin gane mai bi na gaske. Da almajirai suka roƙi Yesu ya koya musu addu'a, da "Uba" ya buɗe musu, roƙon farko kuma shi ne a tsarkake sunansa.

Nan ne aikinka yake, a tsarkakewar. "Wallahi" da "tallahi" da "na rantse da Allah" ka yaye su daga bakinka. Doka ta uku cikin Dokoki Goma ta hana ambaton sunan a banza, a Matiyu sura 5 kuma Ubangiji ya ce kada mu rantse sam, i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a. Zai yi maka wuya, musamman a kasuwa, inda mai sayarwa yake rantsuwa sau uku a kan kuɗin albasa. Dattawan ikilisiya na zamaninmu sukan tsawata wa yaro a kan wannan fiye da yadda ake yi yanzu, kuma ina ganin su ne da gaskiya. Haka nan "Allah ya isa" da "Allah ya tsine" da ake jifan mutane da su cikin fushi. An ce mu sa wa masu zaginmu albarka.

Sauran ba damuwa. "Insha Allah" ko "in Allah ya yarda", Yakubu 4:15 ma cewa ya yi haka ya kamata mu riƙa faɗi. Sallama kuwa, Yesu da kansa ya umarci almajiransa su yi wa gidan da suka shiga, don haka ka yi ta, ka amsa ta. In an yi rasuwa ka je gaisuwa ka ce Allah ya ba da haƙuri. Abin da za ka bari shi ne kalmar shahada da salati, domin su shaidar bangaskiyar Musulmi ce, faɗinsu ba da zuciya ba kuwa rashin mutunta masu ita ne.

Shi ɗan'uwan naka kada ka yi gardama da shi a gaban jama'a. Ku ɗauki Littafin ku je wurin fastonku tare, ku karanta ayoyin nan. In an yi hutu ka biyo ta gida, akwai tsohon juyin 1932 na kakanka a cikin akwatina, sai ka gwada shi da naka. Ka gaida kawunnanka da kyau.

Baffanka.