Amsa ga Malamar da ke son fara zaman tatsuniya da karatu a gidanta

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: Malama tana da yara kusan 20 da ke zuwa darasi gidanta, daga 'yan shekara 5 zuwa 13. Tana so ta ware rana ɗaya a mako don tatsuniya da karatu a bayyane, har su kai ga rubuta nasu labarin. Ta gwada, yaran suka cika wurin da surutu, da ta ce su rubuto labari kuma kowa ya kawo mata layi uku. Ga shi wasu iyaye mata sun ce su ma suna so a yi da su.

Layi ukun nan ba laifin yaran ba ne, biro aka miƙa musu da wuri. Yaron da bai iya kawo labari da baki daga farko har ƙarshe ba, ba zai iya rubuta shi ba, don rubutu ya ɗora masa aiki biyu a lokaci guda: tuna abin da ke biye, da kokawa da haruffa. Kunne ne farko, sai baki, sai ido, hannu ne na ƙarshe. Ki ba su mako huɗu zuwa shida babu biro babu takarda ko kaɗan.

Surutun kuma yawanci daga haɗa su wuri ɗaya ne. Abin da zai riƙe ɗan shekara 12 ya yi wa ɗan shekara 5 tsawo, abin da ƙaramin ke so kuma babban yana ganin an raina shi. Ki raba su biyu, 5 zuwa 8 da 9 zuwa 13. Ƙanana minti 25 ya ishe su gaba ɗaya, tatsuniyar kanta kada ta wuce minti bakwai. Manya za su iya minti 45. Kada su zauna layi-layi irin na aji. A shimfiɗa tabarma su yi rabin da'ira, ke ki zauna kan kujera 'yar tsuguno, yadda kowa zai ga fuskarki. In da dare ne, fitilar ta haska ki, ba su ba. Alhamis bayan La'asar ta fi sauƙi, tunda yawancin makarantun allo da Islamiyyu suna hutu ranar. Za a sami wanda zai ce ai ba a tatsuniya da rana, mai yi zai ɓata. Tsofaffi sun faɗi haka ne don kada yara su bar aike da tallar da aka ɗora musu, ki amsa da dariya ki ci gaba.

Ki buɗe da kacici-kacici biyu ko uku, irin su “Baba na ɗaka, gemu na waje” da “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya”. Wanda ya kasa ya ba da gari kamar yadda aka saba. Wannan shi ke sauke musu ɗokin magana kafin a shiga labari. Daga nan sai “Ga ta nan, ga ta nan ku.” Kada ki ƙara ko kalma ɗaya sai kowa ya amsa “Ta zo mu ji ta.” In mutum biyu ba su amsa ba, ki maimaita. Ba ki buƙatar bulala ko tsawa, wannan amsar ita ce ke tsayar da hayaniya, kuma idan hankalinsu ya fara tafiya a tsakiyar labari, rage murya ya fi ɗaga ta aiki.

Wajen zaɓe, ki fifita tatsuniya mai waƙa da maimaici, wadda abu ɗaya ke faruwa sau uku da ɗan canji. Ki koya musu amshin waƙar kafin ki fara, duk inda ta zo su ne za su rera. Yaron da ke jiran wurin amshinsa ba ya tsokanar na kusa da shi. Muryoyi ma suna da muhimmanci: Gizo da tsamin bakinsa, Ƙoƙi da ƙorafinta, kura da kwaɗayinta. Amma ki yi hattara da Dodo wajen ƙanana, musamman in zaman ya kai magariba, don in yaro ya kwana yana firgita uwarsa ba za ta sake turo shi ba. Kada ki haddace tatsuniya kalma da kalma. Ki rubuta gaɓoɓinta biyar ko shida a 'yar takarda ki riƙe a tafin hannu. Mai hadda in kalma ɗaya ta kuɓuce masa sai ya tsaya cak, wanda ya riƙe gaɓoɓi kuwa yana kallon idon yara yana tafiya.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne tambayar “To, wane darasi muka koya?” bayan an ce ƙurunƙus. Nan take tatsuniya ta koma jarrabawa, yara su fara neman amsar da Malama ke so, “mu daina kwaɗayi”, ko sun bi labarin ko ba su bi ba. Ki tambaye su wa ya fi ba su haushi, ko “Da kai ne Gizo, da aka kama ka a cikin rumbu me za ka ce?” Sannan a maimaita labarin da baki. Ki ɗauko ludayi, wanda ke riƙe da shi kaɗai ke da bakin magana, ya faɗi gaɓa ɗaya ya miƙa gaba. A nan za ki gane wanda ke tsallake tsakiya ya faɗa ƙarshe, da wanda ke cewa “sai, sai, sai” ba ya iya tsayawa. Su ne dai matsalolin da za su fito a rubutu daga baya, gara a gyara su tun suna baki.

In tatsuniyoyinki sun ƙare, ki ba manyan yaran aiki su je wurin kakanninsu su nemi izini su naɗo ɗaya a waya. A littafi kuwa, akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai shida, sun dace da ƙanana. Ga manya Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, yana da amfani na musamman don kowane labarin da aku ke bayarwa yana tsaye da kansa, ana gama shi a zama ɗaya ko biyu. Sai dai ki fara karantawa ke kaɗai, ba kowane labari ne ya dace da 'yan shekara tara ba, kuma akwai kalmomin zamanin da, irin su sule da fam da zagi (mai tafiya gaban dokin sarki), da yaran yanzu ba su sani ba. Ki fitar da uku kacal ki bayyana kafin a fara. Tsayawa a tsakiyar jimla don yin bayani yana yanke zaren labari.

Karatu a bayyane yana son shiri. Ki karanta shafin sau biyu da murya a ɗakinki, ki sa alama da fensir inda za ki numfasa da inda murya za ta canza, ki duba agogon waya ki san minti nawa yake ci. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa yaro zai ga “ta kai gari kasuwa” ya karanta garin zama maimakon garin tuwo, sai ya kai ƙarshen jimla ya gane ya koma baya. Wannan ba rashin ƙoƙari ba ne. Maganinsa yaro ya bi jimlar da ido tukuna kafin ya buɗe baki. Akwai kuma littattafan da aka buga babu lanƙwasa, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Ki bi da fensir ki sa musu kafin ki miƙa wa yaro.

Kada ki taɓa ba yaro shafin da bai taɓa gani ba ya karanta gaban 'yan'uwansa. Dariya ɗaya in aka yi masa, ya rufe baki ke nan wata guda. Ki ba kowa layi biyar ko shida tun mako guda kafin ranar, ya yi ta bita a gida. In ya maƙale a kalma, ki ƙirga biyar a zuci, ki faɗa masa, a wuce, ba tare da “sake faɗa” ba. Mai in'ina ki haɗa shi da wani su karanta tare baki ɗaya, ko ki ba shi waƙar, yawanci a waƙa harshensa yana sakuwa. Idan labarin yana da zance da yawa, ki raba muryoyi, wannan mai ba da labari, wannan sarki, wannan waziri. Kuma ki tsaya a inda ya fi daɗi ki rufe littafin ki ce sai Alhamis mai zuwa, ko da sun yi ta magiya.

Sai rubutu. Matakin farko su faɗa ke ki rubuta. Su ƙirƙiri labari tare, ki rubuta a allo daidai yadda suka faɗa ba gyara, sannan ki karanta musu. Da kansu za su ce “a'a Malama, ai ba mu faɗi yadda ya shiga gidan ba.” Mataki na biyu kowa ya canza ƙarshen tatsuniyar da aka sani, rabin shafi. Na uku ne nasu na kansu. Ki guji kan magana irin na insha'i, “Garinmu” ko “Makarantarmu”, babu abin da ke faruwa a cikinsu, shi ya sa suke ƙarewa a layi uku. Ki ce “Ranar da aka aike ni niƙa” ko “Ranar da akuyarmu ta ɓata”. Yarinya za ta kawo miki: “Na je niƙa. Na dawo. Umma ta yi faɗa.” Ki zauna kusa da ita ki tambaya, me ya sa Umma faɗa? Garin ya zube. A ina? Bakin kwata, ɗan acaɓa ne ya taho. Wa ya gani? Mai shago. Me ya ce? Duk amsar da ta bayar ki ce “rubuta wannan.” Kafin ki tashi ta cika shafi, kuma babu kalmarki ko ɗaya a ciki. Wasu za su kwaso fim ɗin da suka kalla su zube miki. Kada ki hana, ki ce su dawo da shi layinsu, da mutanen da ke sayar da ƙosai da masu ga-ruwa, a hankali fim ɗin zai fice.

Jan biro ki ajiye shi. A rubutun farko ba a gyaran ƙa'ida. In an zo kwafewa, ki ɗauki kuskure iri ɗaya a mako: da farko ɓ, ɗ, ƙ da 'y, sai rabawa da haɗa kalma (“yana” da “suna” a haɗe, “shi ne” da “ita ce” a rabe), sai alamar zance. Takarda mai ja ashirin yaro ba ya koyon komai daga gare ta sai cewa bai iya ba. Wanda aka gyara a mai da shi littafi: fallen takardar A4 huɗu in an ninka biyu suna ba da shafi 16, a ɗinke tsakiya da allura da zare, a yi bango da kwali, yaro ya yi zane ya sa sunansa. Ki tara su a kwando da littafin rajista, su riƙa aron na juna zuwa gida.

Iyaye mata ki yi musu rana daban. Babba ba za ta yarda ta yi tuntuɓe a karatu gaban ɗanta ba. Shida zuwa takwas sun isa, fiye da haka ba kowa zai sami karantawa ba. Su ma da baki za a fara, kowa ta ba da labarin minti biyar. Wadda bokonta bai yi ƙarfi ba ta rubuta da ajami, ko ta naɗa a waya wata ta kwafe mata, labarin nata ne. Ƙa'idar zaman: mai rubutu ta karanta ta yi shiru, sauran su faɗi abu biyu kawai, inda ya kama su da inda suka ɓace. In aka bar ta tana kare kanta da “ai abin da nake nufi”, to bayanin yana bakinta ba ya kan takarda.

Kurakuran manya kusan iri ɗaya ne. Shafi biyu na farko su tafi a kwatanta gida da kyan budurwa da jerin dangi kafin komai ya faru, ki ce ta nemo inda rigima ta fara ta soma daga nan. Kowa a labarin yana magana da murya ɗaya, tsohuwa da 'yar jami'a ba bambanci, kuma karatu a bayyane ne ke tona wannan. Sai wa'azi a sakin layi na ƙarshe, wanda in an cire shi labarin ba ya rasa komai. Akwai kuma saurin fara turawa kashi-kashi a WhatsApp kafin a san ƙarshe, a kai kashi na 15 a maƙale. Ki sa su gama gajeren labari ɗaya na shafi uku ko huɗu tukuna. Wadda ta gama biyu ko uku tana iya gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, ta duba ƙa'idojin shekarar kafin ta tura.

Ki kuma faɗa musu tun ranar farko cewa duk wadda za ta taɓo kishiya ko uwar miji ko maƙwabciya, canza suna kaɗai bai isa ba a unguwa ɗaya. Ta canza gari da sana'a da yawan 'ya'ya, kuma kada kowa ta naɗi karatun wata ko ta ɗauki hoton takardarta sai da izininta.