Tsakanin tsohuwar Land Cruiser da jif ta zamani

Jiya da muke wanke hannu ka tambaye ni, wai me ya sa direbobin da ke shiga ƙauyukan bayan Gumel da Maigatari suke riƙe da tsofaffin Land Cruiser da Hilux, alhali sababbin jif sun fi su ƙarfi da sanyi da daɗin zama. Har ka ƙara da cewa ko ka daina ɓata lokaci a kan tsofaffin, ka koma koyon kwamfuta kawai. Jawo benci ka zauna, ɗana, wannan ba maganar tsaye ba ce.

Batun ƙarfi gaskiyarka ne. Injin gas ɗin nan 1HZ da muka sauke, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, silinda 6 gare shi, lita 4.2, amma ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba. Hilux ta yanzu mai lita 2.8 da silinda 4 tana ba da kusan doki 200, kuma ba ta kai shi shan mai ba. To ina ta samo wannan ƙarfi? Daga turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da kuma yadda take matsa mai. A tsohon inji famfon ƙarfe ne ke tura gas, nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, ya buɗe a matsi kamar 150 a ma'aunin matsi da ake kira bar. A sabon kuwa man yana taruwa a bututu ɗaya a matsin da kan wuce 2,000, kwamfuta ce ke buɗe kowace injekta mai fesa man ta rufe. Ramukan injektar nan sun yi siririn da ido da ƙyar yake ganinsu.

Yanzu ka tuna irin man da ake samu a hanyar ƙauye. Na jarka ne, wani ya kwana a duro mai tsatsa, wani raɓa ta shige shi, wani an sirka shi da kananzir. Tsohon inji zai yi tari, ya yi hayaƙi, ka kwance filta ka zubar da ruwan, ka buga famfon hannu iska ta fita, ya tashi. Sabon idan ruwa ya wuce filta ya kai famfo, ƙarfe zai ci ƙarfe, garinsa ya bi bututu ya cika injekta huɗun gaba ɗaya. Wannan gyara ba na gindin bishiya ba ne. Sai an ɗora motar zuwa Kano, kuma kuɗin kayan kaɗai zai sa mai ita ya riƙe baki. Shi ya sa duk mai sabuwar mota ta gas da ya zo nan nake roƙonsa ya ƙara filta ta biyu mai raba ruwa da mai, ya kuma cika tanki a gidan mai kafin ya bar kwalta.

Ka duba ƙasan motocin kuma. Land Cruiser ƙirar 70 ta fito tun 1984, har yau ana ƙera ta, saboda masu aikin asibiti da na haƙar ma'adinai a wurare masu nisa ba su daina nemanta ba. Shasi ne mai kamar tsani, aksil ɗin ƙarfe gaba da baya, sifirin na faranti a baya. Idan faranti ɗaya ya karye a hanyar fadama, katako da igiyar taya sun isa a ɗaure shi a lallaɓa har garin da ke da mai walda. Wasu manyan jif na yanzu balan-balan ɗin iska ne ke ɗauke da su a madadin sifirin. Ya huje, motar ta zauna a kan tayarta, shi ke nan. Haka giyar taimako: a tsohuwa sanda ce ka ja da hannunka, ka sauka ka murɗa makullin tayoyin gaba, ka san ta shiga. A sabuwa maɓalli ne, ƙaramin mota na lantarki ke sa ta, kuma laka da ruwan damina suna son cin soket ɗinsa. Fitila ta yi ta ƙiftawa, direba yana kafe a taɓo, taimako ta ƙi shiga. Batir ma idan ya mutu, mai kuloci a tura ta ta tashi, mai otomatik sai an nemo wani batir.

Amma kada ka tashi daga nan da cewa Oga ya ce sabuwa banza ce. Na ga abin da tsohuwar mota ke yi wa mutane idan ta kife a kwalta, ba jakar iska mai kare mutum a haɗari, ba ABS mai hana taya ƙamewa idan an taka birki, birkin baya na ganga, ga tsawo ga kaya a rufi. Mutumin da yawancin tafiyarsa Kano zuwa Dutse ce, ko Kano zuwa Haɗeja, sai jefi-jefi ya leƙa gona da iyalinsa a ciki, sabuwa nake ce masa ya saya, kuma ba na jin nauyin faɗa. Na'urarta mai kama tayar da ke juyawa a banza tana fitar da direban da bai ƙware ba daga santsi. A rairayi ne kawai take cutarwa, don tana rage wuta daidai lokacin da ake buƙatar ta, sai a kashe ta a wurin. Tsohuwa kuma shekaru sun hau ta. Wayoyinta sun bushe, lagireto ya toshe, kayan da ake kawowa daga Ƙofar Ruwa wani na asali ne wani jabu, sai mai ido. Wanda bai canza bel ɗin 1HZ a kilomita 100,000 ba, ranar da ya tsinke bawul da fistin za su gaisa.

Abu ɗaya ya haɗa su duka: taya. A yashin Maigatari, rage iska daga 35 zuwa 18 ko 20 ya fi kowane maɓalli aiki, a dawo da ita da an hau kwalta. Tsohuwa mai rim 16 tana da kumatun taya da za su baje. Jif mai rim 20 da siririyar taya ba ta da abin ragewa, rami ɗaya ya fasa ta.

Don haka idan mutum ya zo neman shawara, tambaye shi ina motar za ta riƙa kwana, wane mai za ta sha, kuma idan ta tsaya wa zai je ya same ta. Amsarsa ce za ta zaɓa masa.

Kai kuwa ba ka da zaɓi, duka biyun za ka koya, kuma tsohuwar ce farko. Kwamfutar dubawa lamba kawai take ba ka. Za ta ce sansar kaza, wato 'yar na'urar da ke kai wa kwamfutar mota rahoto, ba ta aiki, ba za ta gaya maka ɓera ne ya ci wayar ba, ko as ɗin, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ya yi tsatsa. Yara da yawa suna canza sansa mai lafiya, mai mota ya biya ya dawo da ciwonsa. Wanda ya san yadda mai da iska da matsi ke tayar da inji, shi ke gane abin da lambar ke nufi. Gobe da safe kai za ka fitar da iska daga famfon motar can har ta tashi, ni ba zan sa hannu ba. Bayan azahar ka ɗauki mitar gwada wuta ka je wurin mai rewaya na bayanmu, na riga na yi masa magana, zai fara nuna maka yadda ake bin waya daga fiyus zuwa sansa.