Yaron da ke riƙe bayan gida, ga abin da na gani a kan nawa

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Kin ce ɗanki mai shekara 6 yana kwana uku ko huɗu bai zaga ba, in kin tambaye shi sai ya sunkuyar da kai, kina neman yadda za ki fahimtar da shi aikin cikinsa. 'Ya'ya biyar na raina a Aboabo, nan Kumasi, kuma na ukunsu haka ya wahalar da ni.

Kafin ki koya masa komai, ki bincika me yake gudu. Nawa ashe ban-ɗakin makarantarsu yake tsoro, ga wari ga duhu. A unguwa kuma na haya muke shiga, sai an biya an bi layi da asuba. Sai ya riƙe. In ya riƙe kashin ya yi tauri, in ya zo fita ya ji zafi, gobe ya ƙara riƙewa. Har ya fara ɓata wando, ni kuwa ina dukansa ina cewa ƙazanta ce. Allah ya yafe mini. Wata nas ce ta bayyana mini cewa mai ruwan ne ke zurarowa ta gefen busasshen da ya toshe hanya, yaron ma bai san ya fito ba.

Wajen koyarwa, yaro bai san dogon bayani ba, sai abin da idonsa ya gani. Na ba shi burodi na ce ya yi ta taunawa kada ya haɗiye. Da ya ji ya fara zaƙi, na ce to ka ga, yawu ya soma aiki tun daga baki. Sai na kwance igiyar shanya na auna kamar mita 6 a tsakar gida, na ce tsawon ƙaramin hanjin babban mutum ke nan a naɗe, a nan jiki ke tsotse amfanin abinci. Ya yi ta zaro ido! Babban hanji kuma kamar mita ɗaya da rabi, aikinsa shanye ruwa daga abin da ya rage. Na nuna masa tuwon zafi da ya kwana a buɗe ya yi ɓawo, na ce haka kashinka ke zama in ka hana shi fita. Wannan misalin ne ya shige shi.

Daga nan muka sa doka: bayan koko da ƙosai na safe ya tsuguna minti biyar, ko ya fito ko bai fito ba, babu faɗa. Hanji yakan motsa da kansa bayan cin abinci. Na rage biskit da burodi, na ƙara wake, miyar ayoyo, ganyen gwaza, da gwanda. Lemo kuma ya ci har da totuwar cikinsa. Ruwa leda ɗaya a jakarsa kullum, in ya dawo in duba.

Don Allah ki bar bentuwa, wato ɗura wa yaro ruwan citta da barkono ta dubura, ko da kaka ce ta ce a yi. Yana ƙona duburar yaro, ya ƙara masa tsoron wurin gaba ɗaya.

In kuma gudawa ce ta zo wata rana, ledar ruwa biyu lita ɗaya ke nan. Ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin cokali, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki karɓo maganin zinc a asibiti ya sha kwana 10 zuwa 14. Wanke hannu da sabulu bayan tsarki kuwa, a gabansa za ki riƙa yi, ba aike ba.

Amma in kin ga jini, ko amai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yana ramewa, kada ki tsaya tambayarmu, ki kai shi asibiti ranar. Nawa ma sai da aka haɗa masa da maganin tausasa kashi na 'yan watanni kafin ya daidaita. Allah ya ba shi lafiya.