Tambaya da Amsa: Wai da gaske da kwal ake yin batir?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni mai haɗa sola ne a nan Jos, shagona na wajen Terminus. Wani kwastoma ya ce min wai batirin litiyam ɗin nan da muke sa wa inbata da kwal ake yinsa, kwal dai irin na Inugu. Na ƙi yarda amma abin ya tsaya min a rai. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kwastomanka bai yi ƙarya ba, ya dai gajarce labarin ne sosai.

Ka tuna batirin tocila da muke fasawa muna firamare mu shafa wa allo baƙinsa, ai akwai wata baƙar sanda a tsakiya ko? To kabon ce, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi da kwal. Na litiyam ma haka, gefen da ke riƙe cajin girafait ne, abin nan na cikin fensir, shi kuma hawa-hawa yake kamar shafukan littafi, in ka jona caji litiyam ya kutsa tsakanin shafukan ya zauna, in ka kunna fanka ya fito.

Girafait ana haƙo shi, ana kuma yinsa a masana'anta, nan kwal ya shigo. Ba wai niƙa shi ake a ɗura ba fa. In an gasa kwal ba iska don aikin narka ƙarfe wata baƙar kwalta ce ke tsatsowa, ita ake tacewa a dafa ta daskare, sannan a sa a tanderun lantarki zafi ya kai wajen digiri 3000, ka ga ƙarfe ma a wajen 1500 yake narkewa, a wannan zafin ne kabon ɗin ke jeruwa ya zama girafait. Wasu da ragowar ɗanyen mai suke yi. Aikin na shan wuta ba kaɗan ba, kuma Sin ce ke sarrafa sama da kashi 90 cikin ɗari na girafait ɗin batir a duniya, a Disamban 2023 ma dokarta ta fara aiki cewa sai da izini za a fitar da shi.

Ni abin da ya fi jan hankalina batirin sodiyam ne, sinadarin cikin gishiri. Sodiyam ya fi litiyam girma, baya zama da kyau a girafait, ya fi son kabon da bai jeru ba mai 'yan ramuka, shi kuma zafin digiri 1200 zuwa 1500 ya ishe shi. A Sin har sun yi wannan kabon da kwal mai tauri, wasu da ɓawon kwakwa.

Mu fa? Tun 1909 aka gano kwal a Udi ta jihar Inugu, na Maiganga a Gombe ƙona shi ake wajen yin siminti, na Lafiya-Obi a Nasarawa kuma irin mai gasuwa ne amma toka da farar wuta sun masa yawa, batir kuwa baya son datti ko kaɗan sai an wanke tas. Wallahi abin na min ciwo, ga cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a garinku Jos, ga masana a jami'a, amma tanderun da zai kwana ya wuni a digiri dubbai da wutar da ake ɗaukewa sau biyar a rana ba zai yiwu ba, sai an ba shi layinsa tsayayye.

Don Allah kar ka ce za ka fasa na litiyam ka duba kamar yadda muke wa na tocila, wuta yake kamawa kuma kashe ta da wuya.