Tambayi Bakanike: jar butar nan ta dashbod

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da BMW 335i ta 2008, ƴar Beljiyom. Kwanan nan in na shiga shataletale da gudu sai jar fitilar man inji, mai siffar buta, ta ƙifta ta ɗauke, wani lokaci kuma a silo cikin gosulo da rana. Bakanikena ya ce sensa ce kawai, ya juye min man inji samfurin 20W-50 wai ya fi kauri. In ci gaba da hawa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ajiye motar nan tukuna, don Allah. A BMW fitila mai ruwan ɗorawa tana nufin mai ya yi ƙasa, ja kuwa ƙarfin turo man ne ya faɗi, kuma wannan ita ke sa inji ya buga, don cikin ƴan daƙiƙoƙi metal ɗin kirankishaf, wato matashin ƙarfen da babbar sandar inji ke juyawa a kai, zai fara cin ƙarfe, ga turbo biyu masu tura iska cikin injin motarka, wato N54, waɗanda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti kuma mai ne kaɗai ke riƙe su.

Ƙiftawar da take yi a kwana ta fi kama da ƙarancin mai. In ka sha kwana da gudu man sai ya kwaranya gefe ɗaya na tukunyar ƙasa, bakin famfo ya zuƙi iska. Motarka ba ta da sandar awo, sai ta kwamfuta, to a duba bayan inji ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Tsakanin min da max kusan lita 1 ne, injin gaba ɗaya lita 6.5 yake sha. A leƙa gindin gidan filta, robar wurin ta shahara da yoyo a wannan injin, za ka ga maiƙo baƙi ƙirin da ƙura ta manne. Kar kuma a cika ya wuce max, kumfa zai yi.

Ta silo ɗin ce ta fi damuna. Zai iya zama sensa, amma ba a yanke hukunci da baki, a cire ta a ɗaura geji a auna ƙarfin man da inji a zafi. 20W-50 ɓoye ciwo kawai yake, kuma bai dace da VANOS ba, wato tsarin BMW da ke amfani da ƙarfin mai wajen daidaita lokacin buɗewar bawul. A zubar da shi a koma 5W-30 ko 0W-40 mai alamar LL-01 (shaidar amincewar BMW), daga amintaccen dila don jabu ya cika kasuwa. Wajen juyen ka tsaya da kanka, ka sa a buɗe tsohuwar filta a rana, in ka ga ƙyalƙyalin ɓurɓushin ƙarfe to sai an sauke tukunyar ƙasa an duba metal.