Wace ce ta fara fitowa a silima a Nijar?

Ƙanwata, kin tambaya ko akwai macen Nijar da ta yi suna a fim kafin finafinan Kano su cika kasuwar Maradi. Akwai mana, sunanta Zalika Souley, haifaffiyar Yamai a 1947.

Tana budurwa ta fito a fim ɗin kaboyi na Moustapha Alassane, "Le Retour d'un aventurier", a 1966, da wando da hula, bisa doki. Sai dai wanda ya ɗaga ta shi ne "Le Wazzou polygame" na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. A ciki ta fito a kishiya mai zafin kishi, har da kisa. Jama'a a lokacin ba su rarrabe wasa da gaskiya ba, sai aka riƙa zaginta a hanya. Babata har yau in an ambace ta sai ta kama haɓa ta ce, "Wannan muguwar kishiya!" Abin yana ba ni tausayi wallahi, don ƙwarewarta ce ta jawo mata.

Da silimar ƙasar ta durƙushe, sai da Zalika ta tafi ƙasar waje neman abinci. Rahmatou Keïta ta yi fim kan rayuwarta, "Al'lèèssi", ki neme shi. Zalika ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta.